Likkafanin Kamfani

"Kada ka shigo da shi nan," in ji Sista Agnes, ta tare ƙofar asibitin kamfani da ke Sabon Gari.

Abdulmuminu direba ya tsaya cak, Malam Wali na rataye a kafaɗarsa, ya rame kamar kara, numfashinsa sai gurnani. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Fagge, masaƙa ɗaya suke wa aiki. Sai dai kaka uku da suka wuce kamfani ya tura Wali ƙauye awon auduga, ƙurarta ta cinye masa ƙirji.

"Haba Sista, ma'aikacinmu ne fa! Tun ba a kafa injin farko ba yake nan."

"Na san shi, Malam. Amma likita na ma'aikatan birni ne. Na ƙauye, manaja ya ce su nemi magani can."

"Can ina? Garin da ko rijiyar kirki babu?"

Agnes ta sunkuyar da kai. Makon jiya ita ce ta tsira wa Abdulmuminu allura saboda 'yar mura. Da ya tuna, sai ya ji ƙyamar kansa. Gari ya cika da kuɗin mai, kowa na sayen babur da rediyo, amma mai auno audugar ko a ɗora masa abin awon ƙirji an ƙi.

Ya kai shi asibitin gwamnati a motar kamfani, can kuma babu gado. Wali ya ce, "Mai da ni gida, Mumini, kada su kore ka a kan motarsu."

Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika.

Ana cikin yi masa wanka sai ga masinjan kamfani da turmin farin yadi da ƙullin goro, har da fara'arsa.

"Manaja na ta'aziyya. Likkafani kam kamfani na ba kowa, na birni da na ƙauye, babu bambanci."

Abdulmuminu ya kau da kai ya tofar da yawu.

Gwaggo, yayar mamacin, ta karɓi yadin ta warware a kan tabarma. A bakinsa ga tambarin kamfani, shuɗi, ɓaro-ɓaro. Ta ce a miƙo mata almakashi. Ta yanke wurin a hankali, ta yar a bakin rariya. Wata kaza ta zo ta tsattsage shi, ta wuce abinta.