Tarin Mai Fitila

"Ka ji ko? Sun sake kunna ni," in ji Mai Fitila daga kan katifarsa.

Maƙwabcinsa Tela ya ajiye kofin ruwa ya kasa kunne. Daga bayan katanga, inda tsohon ramin ma'adinai ya zama wurin yawon buɗe ido, lasifika ta saki tari mai tsawo. Tarin tsohon ne. Bara masu wurin suka zo da na'ura suka naɗe shi, wai don baƙi su ji yadda aikin rami yake. Shekara talatin yana haɗiyar ƙura a can ƙasa, abin da suka ga zai yi kasuwa a jikinsa ke nan.

"Ni dai na kusa, ɗan nan. Ka sa su kashe abin can. Kada in tafi in bar tarina yana yi musu aiki."

"Gobe-goben nan, Baba."

Gobe ta zo, Tela bai je ba. Tulin riguna ke jiransa, irin na ma'aikatan rami, waɗanda baƙi ke sawa su ɗauki hoto. Sai ya ɗinka su tsaf, sannan ya goga musu gawayi don su yi datti. Wannan ɗinkin banzan ne ya rufa masa asiri tun da aka rufe ramin.

Ranar Laraba tsohon ya cika. Ana fitowa da gawar lasifika ta yi tari. 'Yarsa ta waiga a firgice, ta ce, "Baba?" Sannan ta rufe fuska da mayafi. Ƙyama ta kama Tela, kuma ba ta masu wurin kaɗai ba.

Daga maƙabarta ofishin manajan wurin ya nufa, ƙasa ba ta bar ƙafarsa ba, ya roƙi a kashe tarin.

"Ayya, Allah ya jiƙansa," in ji manaja, yana juyi a kujera. "Amma Malam Tela, tarin nan ai shi ne gishirin wurin. Baƙi har hawaye suke yi, su fito su sayi tsaraba. Za ma mu rubuta a allo cewa mai shi ya rasu, abin zai ƙara taɓa zuciya."

"Wasiyya ce fa, ranka ya daɗe."

"In baƙi suka ɗauke ƙafa, wa zai sa rigunanka?" Ya turo masa takarda. "Ga wasu muna so kafin hutu. A ƙara musu datti."

Miyau ya taru a bakin Tela, na tofarwa. Ya haɗiye shi, ya ɗauki takardar.

Da yamma ya zauna a kan keken ɗinki. Silifas ɗin tsohon na nan a bakin ƙofarsa, ba wanda ya ɗauke. Tarin ya taso, Tela ya ƙara wa keken gudu har ƙararsa ta danne komai. Can zare ya tsinke. Ya zauna riƙe da bakin zaren, Mai Fitila na ta tari a bayan katanga.