Ƙwarya a Kafaɗa

Shekara talatin ina sayar da albasa a kasuwar Ogui da ke Enugu, rumfata na jingine da ta Gimba mai doya. Ni Bakano, shi Gbagyi daga wajen Minna, amma duk Enugu ba mai kiransa sai da Bahaushe. Bai taɓa musu ba. Ni ma ina ganin haka ya fi mana, don a baƙon gari gara a gan mu da yawa.

Jikata Ummi da 'yar autarsa Vanessa ajinsu ɗaya. Da makarantarsu ta sa ranar al'adu, shugabar ta aiko a taimaka da kayan Hausawa. Na aika ƙwarya biyu da gammo biyu, na manta da zancen.

Washegari Gimba ya jefo mini gammo a kan albasa.

"Alhaji Awwalu, 'yata za ka ɗora wa kaya a ka?"

"To a ina, a hanci?"

"A kafaɗa! Mu ba ma wahalar da kai, shi ke mana tunani."

"Shi ya sa shekara talatin tunanin bai wuce doya ba," na ce.

Bai yi dariya ba, sai na gyara zama. Ashe tsohuwarsa, Inna Tani, ta zo daga gida ganin likitan ido, ta tarar da jikarta tana yawo a tsakar gida da ƙwarya a ka. Yarinya ba ta jin yarensu, sai Ibo da turancin kasuwa. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi wa ɗanta: me ya rage wa yarinyar nan nasu? Gimba yana so Vanessa ta fita da sunan Gbagyi uwarsa na kallo. Ya je makarantar, an ce layi uku ne kawai: Ibo, Yarabawa, Hausawa.

Ban yi boko ba, amma ina da kunne. Shugabar makarantar nan tana sayen albasa a wurina, kuma na sha jin ta a waya. Na hau okada na same ta a ofis, muka gaisa.

"Alhaji, all of una na Hausa," in ji ta, wai dukanmu Hausawa ne. "In na ba kowa layi, sai mu kwana a fili."

"Gaskiya ne, Madam. To ke wane layi za ki shiga?"

"Na Ibo mana."

"Ibon da kike yi wa mamanki a waya? Shekara talatin ina ciniki da Ibo, ban taɓa jin irinsa ba."

Ta kalle ni, ta fashe da dariya har da dukan tebur. 'Yar Kalaba ce, Efik. Ta ce in dai yarinyar za ta iya zagaya fili ƙwarya ba ta faɗi ba, ta ba ta layi.

Nan fa aiki ya tashi. Ranar farko Vanessa ta fasa ƙwaryata. Ta biyu ma da Ummi ta ara mata ta tsage. Inna Tani, da idonta guda a rufe da auduga, takan dafa kafaɗar yarinyar ta karkatar da wuyanta, tana faɗa mata sunan kowane abu da yarensu, yarinyar na maimaitawa a karkace, tsohuwa na dariya.

Ranar taro layi biyar aka yi, don Madam ma ta ɗauro zanen garinsu ta jawo yara uku. Ummi ta wuce da tsagaggiyar ƙwaryarta a ka. Can sai ga Vanessa ita kaɗai, sabuwar ƙwarya a kafaɗa, doya biyu a ciki, tana tafe a hankali. Mai lasifika ya yi ta fama da sunan Gbagyi kafin ya fito daidai. Ta zagaye filin tsaf. Inna Tani ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

Gimba ya sunkuyo kunnena. "Ka gani, Alhaji? Kanta ko gumi babu."

"Na gani. Doyar nan fa ta wa ce?"

Da yamma ya aiko mini da doya biyun nan, Ummi ta shigo da su a kafaɗa.