Gwangwanin Sodangi

A shekarar 1963 duk Dutsin-Ma an san Rabo mai awon hatsi da abu biyu: ba ya tauye mudu, kuma ba ya yarda da maganar da ba a ƙirga ba. Da can shi ma ɗan ƙwallo ne, har ranar da gwiwarsa ta goce a filin bayan kasuwa. Tun daga nan sai kallo, yana zaune bakin fili da sandarsa, yana ta masifa shi kaɗai.

Malam Garba, malamin lissafi mai horar da samarin gari, shi ya tsokano abin. Ya ce ya ji a rediyo wai a ƙasar Turawa, inda ake biyan 'yan ƙwallo albashi, akwai mutumin da ba shi da aiki sai ƙirga sau nawa aka ƙwace wa kowa ƙwallo. Ai kuwa washegari sai ga Rabo da gwangwanayen madara goma sha biyu da ƙunshin ƙwallon dabino. Ya jera su a gabansa, kowane ɗan wasa da nasa. Duk wanda aka ƙwace wa ƙwallo, ko ya ba abokin gaba, sai ka ji ƙwal! Rabo ya jefa masa ɗaya.

Da farko dariya ake yi. Dariyar ta ƙare ranar da Malam Garba ya ce saura kwana goma wasa da Kurfi, samari sun yi yawa, saboda haka wanda gwangwaninsa ya fi cika a atisayen ƙarshe shi zai zauna gida. Aka zazzage na ranar don a gani. Hudu, ɗan gayun nan mai farin takalmi, biyu rak. Sodangi, ƙanen Rabo uwa ɗaya uba ɗaya, goma sha huɗu.

Wayyo, Sodangi! Matarsa Fatu 'yar Kurfi ce, ƙannenta biyu kuma suna buga wa Kurfi. Shekara guda ke nan suna yi masa tsiya, wai mijin yayarsu ba ya iya tare ko kabewa. Ya riga ya aika musu cewa su tanadi ruwan shan wahala. Yanzu a ce bai je ba? Da wane ido zai sake shiga gidan surukai?

Ya daina cin tuwo kwano ɗaya da yayansa. A atisaye na gaba kuma Rabo ya ga abin da ya fi wannan ciwo. Sodangin da ke kutsawa tsakanin mutum uku kamar ɗan akuya a kasuwa, yau in ya ga ƙwallo na zuwa sai ya laɓe bayan wani. In ta taɓa ƙafarsa ya mayar da ita baya da sauri, kamar ta ƙona shi. Ƙwallon dabino biyu kawai ya samu. Malam Garba har da jinjina masa. Rabo kuwa ji ya yi kamar ya haƙa rami ya binne gwangwanayen, don ya san da hannunsa ya lalata wasan ƙanensa.

Ya koma gida ya zauna ya yi tagumi. Mahaifiyarsu Inno tana kwashe tuwo, ta dube shi ta ce, "Kai kuma mi aka yi maka?"

Ya kwashe labari ya gaya mata, har da goma sha huɗun.

"Yo wannan ne ƙirgar taku?" in ji Inno. "Ni ma ai na fi kowa fasa tukunya a gidan nan. Ubanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa fasa ko ɗaya ba, don bai taɓa ɗora ta a murhu ba. Sai ku kore ni daga madafa ku sa maza."

Maganar ta soki Rabo. Shi da ke awo tun yana saurayi, a ce ya ƙirga abin da ya zube bai ƙirga abin da aka ɗebo ba! Kunya ta kama shi.

Ranar atisayen ƙarshe ya tare Sodangi a zaure tun kafin la'asar. "Yau ka yi wasanka na da. Ka nemi ƙwallo, ka kutsa."

"Don ka cika mini gwangwani, Yaya?"

"Zan cika shi, ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Amma ka yarda da ni."

Sodangi ya sunkuya ya ɗaure takalmi.

A fili aka ga Rabo da sabon abu, ɗan buhun wake. Duk wanda ƙwallo ta zo ƙafarsa, ƙwayar wake ɗaya. In an ƙwace, ƙwallon dabino. Hannunsa bai huta ba, gumi har cikin ido. Sodangi kuwa ya dawo Sodangi. Ya yanke wannan, ya faɗi, ya tashi, aka ƙwace, ya bi ya karɓo. Kowane ƙwal na gwangwaninsa a ƙirjin Rabo yake sauka, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

Da aka tashi Malam Garba ya leƙa gwangwanin ya girgiza kai. "Goma sha biyu. Sodangi, ka yi haƙuri."

"Malam, dakata," in ji Rabo. Ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa ya juye na Sodangi. Ya jera ƙwallon dabinon, ya dinga raba musu wake ɗaya bayan ɗaya, yadda yake kasa hatsi a kasuwa. Kowanne ya samu wake huɗu cif. Ya juye na Hudu, ƙwallon dabino uku, wake shida, kowanne biyu.

"Sodangi sai ya taɓa sau huɗu ake ƙwace ɗaya. Hudu a kowane biyu. Sauran lokacin kuma yana can yana kiwon takalminsa."

Fili ya kaure da dariya, har Hudun. Malam Garba ya cire hula ya sosa kai. "Subhanallahi. Ni da nake koyar da wannan a aji kullum safiya!" Aka juye na kowa aka kasa. Babu wanda ya kai rabin waken Sodangi. Nan take Malam Garba ya sa sunansa cikin masu zuwa Kurfi.

Ranar Asabar motar hatsi ta tsaya bakin kasuwa za ta kwashi 'yan wasa zuwa Kurfi. Rabo ya zo rakiya kawai, don gwiwarsa ba ta hawa bayan babbar mota. Ya ɗaga hannu zai yi sallama, sai ya ji an sunkuce shi ta baya, sama, kamar buhun gero. Sodangi ne. Ya dire shi bisa buhunan da suka fi taushi, ya miƙa masa sandarsa.

"Kai, mahaukaci, sauke ni! Wa zai tsare mini rumfa?"

"Rumfa ta jira," in ji Sodangi, yana haki. "Mutanen Kurfi za su ga sau nawa aka ƙwace mini. Ina son mutum ɗaya a filin nan da ya san sau nawa na nema."

Rabo ya juya fuska wajen hanya yana goge ido da bakin riga, motar kuma ta tashi.