Ragowar Magaryar Ubaid

"Sauke hannun nan!" Hababa Alawiyya ta kai wa Ruwaida duka da mafici. "Kin zauna kina matsar su kamar mai tatsar akuya. So kike su bar miki tabo?"

Ruwaida ta janye hannu tana ƙunshe dariya, don koren ƙullun da tsohuwar ta shafe mata fuska da shi ya fara bushewa. Ruwaida ɗinki take yi, ta haura shekara talatin, kuma ta yi ƙuruciyarta ba ƙurji ko ɗaya. Sai da aka sa ranar aurenta da Awad mai kiwon zuma sannan ƙuraje suka tuna da ita, suka yi mata sallama a goshi da haɓa. Ta shafa man kanti iri-iri, abin sai gaba yake yi. Daga kan soro tsohuwar ta hango ta tana kuka wajen shanya, ta ce ta hawo. Duk unguwar nan ta garin Tarim Hababa suke ce mata, wato kaka, ko da yake Allah bai ba ta haihuwa ba.

Maganin ba wani abu ba ne. Garin ganyen magarya ne, a kaɗa da ruwan ɗumi har ya yi kumfa, a ɗiga zuma. Kullum da hantsi Ruwaida ta hawo a wanke mata fuska, a sha shayi, a yi gulmar angon.

Ran nan gwiwa ta hana tsohuwar tashi, ta aike ta ɗaki ta ɗebo garin. "Yana cikin akwatin katako, ƙarƙashin farin ƙyalle."

Ruwaida ta ɗaga ƙyallen. Likkafani ne, a ninke. Ga ƙullin kafur, ga kwalbar garin, ta yi ƙasa da rabi. Ta fito da kwalbar a hannu.

"Hababa, wannan ai na wankan gawarki ne!"

"To, na mutu ne?"

Kowa a unguwar ya san magaryar. Marigayi Ubaid, mijin Hababa, shi ya dasa ta a gonarsu a shekarar da ya auro ta. Duk shekara takan tsinko ganyen, ta shanya a inuwa, ta daka, ta sabunta na cikin akwati, don ta sha faɗa cewa da itacen Ubaid za a wanke ta. Ambaliyar bara ta tumɓuke itacen ta tafi da shi. Abin da ke kwalbar nan shi ne ƙarshe.

"Wallahi na daina. Na kasuwa zan saya."

"Na kasuwa rabinsa ƙasa ce. Zauna, 'yar nan, kada ki ɓata min safiya."

Ruwaida ta zauna, amma abin ya tsaya mata a rai. Kowane cokali da aka kaɗa, ji take kamar sata take yi. Sai ta yi dabara. Ta sayo gari a kasuwa, ta faki idon tsohuwar, ta tuttula a kwalbar. Washegari Hababa ta buɗe murfi, ta kai hanci sau ɗaya, ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan magaryar bakin titi ce. Har warin bunsurun da ya yi susa a jikinta nake ji."

Ta sa cokali ta kwashe na saman tsaf, ta ce a kai wa awaki. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Ubaid mutum ne mai son biki, 'yata. Ko na wa ake yi, yana gaba da sandarsa yana rawa. A ce itacensa ya kai amarya ɗaki, kina jin zai ƙi? In gari ya ƙare, sai ki zo ki goga min kumatunki, ai duk a can yake."

"Ki daina wannan magana, Hababa."

"Ke ki daina motsi."

Ƙurajen suka yi ta lafawa. Kafin ranar lalle saura ɗan duhu-duhu a haɓa, wanda sai mai neman magana zai gani. Aka kawo Hababa gidan biki a kujera, amma da aka buga ganga ta ce kujerar ta zauna ita kaɗai. Ta miƙe da sandarta, ta warware furfurarta tana kaɗa kai tare da 'yan mata, mata na guɗa kamar gidan zai tsage. Ta kamo haɓar amarya tana juya ta gaban dangin ango. "Ku duba da kyau, aikina ne! Awad ya biya ni da zuma, kuma ban son ta sayarwa."

Awad ya kawo zumar da kansa, ta lasa, ta ce ba laifi. Ba a yi nisa da biki ba, wata Juma'a da hantsi, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar soro, ta ce za ta ɗan kishingiɗa kafin shayi ya dahu. Shayin ya dahu, ita ba ta tashi ba.

Ruwaida na cikin matan da suka shiga wanka. Ta buɗe kwalbar. Abin da ya rage bai cika cokali ba, duk ya manne a gindi. Wata maƙwabciya ta miƙo ƙullin garin kasuwa, Ruwaida ta girgiza kai. Ta zuba ruwan ɗumi a kwalbar, ta rufe da tafin hannu, ta yi ta jijjigawa har kumfa ta taso, 'yar kaɗan, kore-kore. Da ita aka wanke kai da fuska, sauran ruwan aka bi jiki da shi. Aka gama da kafur.

Kafin a ja likkafani, Ruwaida ta ce su dakata. Ta sunkuya ta ɗora kumatunta a goshin tsohuwar, na dama sannan na hagu. Tana kuka, kuma dariya na neman ƙwace mata, don ta san da Hababa za ta iya magana cewa za ta yi ta daina motsi.

Da maza suka fita da makara, ta hau soron ta kife kwalbar a kan katanga ta bushe. Kumfar da ta rage a wuyan hannunta ba ta wanke ba. Wani ƙudan zuma ya zo ya sauka a gindin kwalbar, ya ɗan zauna a rana.