Sa Hannun Farfesa a Littafin Dogo

Farfesa ya ajiye muƙamin shugaban kwamitin horar da likitoci ranar Alhamis da la'asar, a rana ta biyu ta taron shekara na ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya da ƙirji. Takardar da ya miƙa layi huɗu ce, ban da jerin sunaye a ƙasa, da biro ya rubuta ta a bayan jadawalin taro. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan kujerar, kuma shi da kansa ya tsara ƙa'idar da ta ci shi.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Likita mai koyon tiyatar zuciya ba zai samu shaidar ƙungiya ba sai ya yi aiki saba'in da biyar da hannunsa, malaminsa na tsaye yana kallo. Kowane aiki ana rubuta shi a wani koren littafi, malami ya sa hannu a gefe. A littafin ɗalibinsa na bana, wanda duk asibitin ke kira Dogo, akwai aiki tamanin da biyu, kowanne da sa hannun Farfesa.

Abin ya faru ne da hantsi, a zauren ƙasa na otal ɗin da ake taron. Bana ne karon farko da Shugaba, macen da ke jagorantar ƙungiyar, ta kawo sabon tsari: kafin a ba da shaida, kowane ɗalibi zai ɗinka jijiya a jikin zuciyar bijimi a gaban masu jarrabawa. Farfesa ya goyi bayan tsarin. Da safiyar nan ma shi ya buɗe zaman ranar da lacca a kan yadda malami ya kamata ya sakar wa ɗalibi allura, aka yi masa tafi har wasu suka miƙe tsaye.

An jera tebur goma sha biyu, kowanne da faranti, a ciki zuciya ɗaya da aka ɗauko daga mahauta da asuba. Dogo yana tebur na bakwai. Farfesa ya tsaya daga baya, hannuwa a aljihu, don kada a ce ya sa baki.

Da farko babu abin cewa. Dogo ya gyara zuciyar, ya nemo jijiyar, ya tsaga ta daidai gwargwado, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya ɗauki allura mai zare siriri kamar gashi, ya saita ta a bakin mariƙinta. Daga nan sai ya ja rabin taku zuwa hagu, ya juya mariƙin, ya miƙa shi gefe, ya tsaya yana jira.

Babu kowa a gefensa.

"Likita," in ji mai jarrabawar, wani tsoho mai tabarau a karan hanci, "wa kake miƙa wa? Ko da wani aljani kuka zo?"

Aka yi dariya a teburin da ke kusa. Dogo ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya dawo da shi, ya fara ɗinki. Aikin da sauran suka gama a minti goma sha biyar ya ɗauke shi minti arba'in. Da aka tura ruwa cikin jijiyar don gwaji, ta yi yoyo a wuri uku.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya san wannan rabin takun. Gurbinsa ne aka buɗe masa. Shekara huɗu ke nan Dogo yana buɗe ƙirji, yana haɗa mara lafiya da injin da ke riƙe wa zuciya aiki, sai an zo ɗinkin jijiya, Farfesa ya dubi agogon bango, ya ce, "Ɗan matsa, in sa maka ɗinki na farko." Na farko ya ja na biyu. In an gama, sai ya cire safar hannu ya ce, "To, rufe abinka." Da yamma a kawo koren littafi, ya sa hannu a gurbin wanda ya yi aikin da kansa. Bai taɓa jin cewa ƙarya yake yi ba. A lissafinsa aikin awa huɗu ne, shi kuwa minti ashirin kawai yake karɓa.

A bakin famfo, bayan zauren, ya tarar da Sista tana ɗauraye kayan aiki. Ita ce ke miƙa masa kaya a ɗakin tiyata tun kafin gashinsa ya yi fari.

"Sista, tsakaninki da Allah, sau nawa yaron nan ya ɗinka jijiya daga farko har ƙarshe?"

Ba ta ɗago ba. "Amsar ofis kake so, ko tawa?"

"Taki."

"Sau biyu. Ranar da ƙafarka ta kumbura, da ranar da aka kira ka makarantar 'yarka Auta." Ta karkaɗe almakashi ta ajiye. "Ka san abin da suke kiranka in ka ba da baya? Baba Ɗan-matsa. Har masu shara sun sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ni? Da wane bakin? Mutanenka suna tashi, suna komawa gida da ƙafarsu. In ce maka me, ka bar yaro ya yi a hankali?"

Lokacin cin abincin rana Shugaba ta ja shi gefe, kusa da tukunyar shayi. Ajinsu ɗaya a makarantar likitanci, kuma har yau Yaya take ce masa, saboda ya girme ta da wata bakwai.

"Yaya, kada ka ɗaga hankalinka. Tsoro ne ya kama shi, kowa ya gani. Za mu rubuta cewa jarrabawa ta ruɗa shi, ya sake nan da wata shida. Littafinsa ai a cike yake. Sa hannunka ne a kai, wa zai ce uffan?"

Farfesa ya juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba. Ta ba shi hanya mai sauƙi, kuma ya ga sauƙinta sarai. Laifin zai zauna a kan Dogo, a ce yaro ne mai rawar jiki, shi kuwa gobe ya hau mumbari ya raba takardun shaida.

Ya fita harabar otal ya kira gida. Matarsa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baban yara, yau ka san haka? Auta shekara biyu kana koya mata mota, ko kwanar gidan nan ba ta taɓa shiga ba. Da an zo ƙofa sai ka ce ta sauko. Sai da na kai ta wajen wani, a sati uku ta iya."

"Mota daban, zuciyar mutum daban."

"To, ai shi ya sa nata ya zo da sauƙi," in ji ta. "Ka ci abinci dai?"

Yana kashe wayar ya hango Dogo a jingine da wata mota, koren littafin a hammata. Dogo ya miƙe da sauri, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Na zubar maka da mutunci a gaban mutane. Duk wahalar da ka sha a kaina."

Farfesa ya dubi doguwar inuwar yaron a kan kwalta. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa shiru. Wannan kam bai shirya mata ba.

"Ba ni littafin," ya ce.

Ya buɗe a kan murfin gaban motar, ya bi shafukan da yatsa. Sa hannunsa ne, layi bayan layi, kyakkyawa, babu gyara ko ɗaya. Ya zaro biro, ya yi alama a wuri biyu, ya rufe.

"Waɗannan biyun naka ne. Sauran nawa ne."

"Ranka ya daɗe, in ka faɗi haka, shekara huɗuna fa?"

"Na sani."

"An riga an ɗauke ni aiki a wani asibiti. Ɗaya ga wata zan fara. Ni kaɗai ne likitan zuciya a can."

"Wannan ma na sani," in ji Farfesa. "Ni na rubuta musu wasiƙar da ta sa suka ɗauke ka."

Da ƙarfe huɗu da rabi ya shiga ƙaramin ɗakin da majalisar ƙungiya ke zama, ya ajiye littafin a gaban Shugaba, ya ɗora takardar a kai. Ta karanta sau biyu. Layi na ƙarshe ya ce sa hannunsa a kan littafin horo ba abin dogaro ba ne, kuma ba na Dogo kaɗai ba.

"Yaya, ka san abin da ka jawo mana?"

"Goma sha huɗu na yaye kafin shi," ya ce. "Na rubuta sunayensu a ƙasa."

Washegari aka raba shaida ga ɗalibai goma sha ɗaya, tsohon mai tabarau ne ya miƙa. Majalisa ta ɗage maganar littafin Dogo zuwa zamanta na wata mai zuwa, bayan ranar da zai kama aiki da mako biyu. Cikin likitoci goma sha huɗun da Farfesa ya yaye, tara suna tiyata su kaɗai a asibitoci daban-daban. Har aka rufe taron ba a yanke shawarar ko za a rubuta musu ba.