Takardar Hanyar Jibo

Ranar da Jibo ya dawo, Fadi tana bakin rijiya. Ta ji ihu daga wajen masallaci, mata suka watsar da tuluna suka ruga, ita kuwa ta ci gaba da jan guganta. Ruwa ya yi nisa a shekarar saba'in da huɗu, ba a sakin igiya don an ji ihu.

Abin kuwa ya isa ihu, don Jibo matacce ne tun shekara biyar da suka wuce. Shi da Hamma, mijin Fadi, suka bar wannan ƙauye na gabas da Dogo-Dogo shekara bakwai ke nan, wai za su Makka a ƙasa, su ga duniya a hanya. Guzurin nasu abin dariya: buta, aska, ɗan garin gero, sai bakin Jibo, wanda ya rantse zai kai su bakin teku ba su ba direba ko dala ba. Bayan shekara biyu takarda ta iso Magarya daga wani gidan likita a Sudan, cewa mai suna Jibo, mutumin ƙasar Dungas, ya rasu an binne shi. Aka yi sadaka. Matarsa Rakiya ta yi takaba, ta yi aure a Waca, har da 'ya'ya biyu.

Na Hamma kuwa shiru, kuma da shirun nan Fadi ta zauna. Sau biyu Baffa Sabo, ƙanen mahaifin Hamma kuma limamin ƙauyen, ya ce ta zo su je gaban alƙali a raba auren, ta ce mijinta na da rai, ba a aiko da takardarsa ba. Ta riƙe masa shanunsa har fari ya zo ya kwashe su, ya bar mata karsana ɗaya mai ƙashi a waje.

Da aka gaya mata wanda ya dawo, ta yi lissafinta. Mutum biyu suka tafi, an binne ɗaya, ga ɗaya yana shan fura a zauren Baffa Sabo. Wannan ba ya bukatar malami. Ta duba ƙirjinta ko za ta tarar da tsoro ko baƙin ciki, ta tarar da shi wayam kamar rumbun bana. Ta ɗora tulu ta tafi gida. Abu ɗaya take so, wani ya buɗe baki ya faɗa mata.

Ba wanda ya faɗa. Mutanen ƙauyen nan gwanaye ne wajen zagaye magana. Kwana biyu mata na wuce ƙofarta da sauri kamar tana da ƙyanda. Masu gaishe ta kullum da "ina labarin matafiya?" suka koma tambayarta lafiyar karsana. Maza sun ji tun ranar farko, ta gani a fuskarsu, amma kowa na jiran wani ya fara. Jibo kansa bai tako gidan ba. An ce tun da ya ji batun Rakiya ya yi zaman yini guda bai yi magana ba, daga nan kuma bakinsa ya buɗe bai sake rufuwa ba.

Rana ta uku da hantsi Fadi ta bi ta bayan zauren, ta tsaya jikin zana. Samari sun cika wurin. Gero bai yi ba, shanu sun mutu, kowa ƙafarsa na ƙaiƙayi, ga kuma wanda ya san hanya.

"Kada ka tsaya a tasha," in ji Jibo. "Tasha ta masu kuɗi ce. Ka je inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke kafewa cikin rairayi, ka jira. In ka tura, ai ba a barinka a ƙasa. Haka muka yi har Farlomi."

"To ci fa?" wani ya tambaya.

"Aska. Duk garin da ka shiga akwai kai mai gashi. In ba aski ka yanke farce, in ba farce ka ja ruwa. A Abashe wata uku muna dakon fata. Kwana kuwa masallaci, ka riga kowa ɗaukar tsintsiya, ba mai korarka. In ka kai Madani ta Sudan, tsintar auduga ce, nan kowa ke tara kuɗin jirgin ruwa."

"Jandarma fa? Ba su tambayar takarda?"

Jibo ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. "Takarda ɗaya ta ishi mutum biyu. Ta abokina ta jiƙe a kogi ta zama tuwo, saura tawa. Hoton ya dushe, in ka naɗa rawani kowa kowa ne. Mai takarda ya bi hanya, marar takarda ya zagaya ta daji, a haɗu gaba. Wanda ya fi gajiya shi ke riƙe ta. In kuma ɗaya ba lafiya, to dole a ba shi, don gidan likita ba su kwantar da..."

Samarin suka bi idonsa, suka hango ƙafafun Fadi ta ƙarƙashin zana. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da aiki a gida.

"Malam Jibo," ta ce daga inda take, "sannu da hanya."

"Yauwa, Fadi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙarasa maganarka."

Ya ƙarasa, yana kallon tabarma. Zazzaɓi ne ya kama Hamma a Madani, lokacin auduga. Jibo ya goya shi zuwa gidan likita, ya sa masa takardar a aljihu, ya koma gona don kada a ba wani layinsa. Ya ce zai dawo ran Juma'a. Da ya dawo an riga an binne shi kwana biyu, takardar kuma sun riƙe. Bai san sun aiko gida ba, wallahi bai sani ba. Shi ya zauna ba takarda, ba gaba ba baya, Makkar ma bai gan ta ba. Shekara biyar yana lallaɓowa ta daji.

"Ya bar sallahu?"

"Ban tarar da shi ba, Fadi."

"To," ta ce. "Allah ya jiƙansa." Muryarta ta fito daidai, kamar tana taya goro. Ita kanta ta ji kunyar hakan.

Jibo ne ya fashe da kuka, ƙato da gemu. Ta tsaya ta jira ya gama, don bai kamata a bar mutum yana kuka shi kaɗai ba, amma bai gama ba, ta tafi.

Kafin azahar gidanta ya cika. Matan da suka kwana biyu suna gudunta suka zo da hawayensu a shirye. Wata tsohuwa, Ƙande, ta zaunar da ita a tabarma ta fara tsefe mata kitso, wata ta cire mata 'yan kunne, wata ta tafi neman tsohon zane. Fadi ta sakar musu kai. A karo na farko ta ji wani abu mai kama da sauƙi. Wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ba rijiya, ba kasuwa, ba mai tambayarta komai. Ta yi tunanin a cikin kwanakin nan, in ta zauna shiru, kukan zai sami hanya ya zo.

Sai ga sallamar Baffa Sabo. Ya tsuguna a bakin ƙofa da littafinsa a hammata, ya yi addu'a, aka shafa. Sannan ya dubi kan Fadi, rabi a tsefe.

"Ƙande, dakata. Me kuke yi?"

"Takaba mana, Malam."

Ya daɗe yana murza carbi. "Na duba, na kuma aika Dungas na tambaya. Takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka ji ba. Shekara biyar ke nan." Ya juyo. "'Yata, babu takaba a kanki. Ta wuce."

Hannun Ƙande ya tsaya cikin gashin.

"Baffa," in ji Fadi, "ko kwana bakwai?"

"Ba wanda ya hana ki zama a ɗakinki. Amma ba zan ce miki takaba ce ba. Ke yanzu ba kowa a kanki. Ko gobe aka zo neman aurenki, ya halatta."

Ya faɗa ne don ta ji daɗi, bawan Allah. Matan suka dubi juna. Mai riƙe da 'yan kunnen ta rasa yadda za ta yi da su, ta ajiye a gefen tabarma. Wadda ta tafi neman zane ta shigo da shi, aka yi mata ido, ta ɓoye a baya. Kukan ɗakin ya lafa, don ba wadda ta san ko har yanzu gidan mutuwa ne.

Ƙande ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "In ƙarasa tsefewa, ko in mayar?"

Fadi ta taɓa gefen da aka tsefe, ta taɓa ɗayan.

"Mayar, Iya," ta ce. "Gobe kasuwar Sassumbrum ce."