Waƙar Gidan Bebb

Mererid Bebb ta daɗe tana jiran ranar da za a san sunanta, sai ranar ta zo ta tarar da ita a gajiye. Tun tana budurwa take jan tsohuwar motarta gari-gari a faɗin ƙasar Wales. Ita ce direba, ita ce 'yar dako, ita ce kuma mai tsayawa bakin ƙofa bayan wasa tana tallar faifanta ga mutanen da hankalinsu ke kan rigar ruwansu. Babu kamfanin da ya ɗauke ta, ita ma daga baya ta daina roƙo. Waƙoƙi ta rubuta su tuli, masu kyau kuwa, duniya ta yi kunnen uwar shegu da su.

Wadda ta ɗaga ta ba ita ta rubuta ba. Waƙar gidansu ce ta plygain, taron waƙoƙin haihuwar Almasihu da ake yi a ƙananan majami'u cikin hunturu. Kowane gida da tasa, gado ce, wani ba ya taɓa ta wani. Ta gidan Bebb kakanta ne ya riƙa rerawa da 'ya'yansa biyu, babanta da ƙaninsa Tegwyn. Bayan rasuwar babanta kewa ta ishe ta, ta ɗauki jita ta naɗi waƙar a ɗakin girkinta, ba ta shawarci kowa ba. Rediyo ta kama, wani wasan talabijin ya ɗora, shi ke nan. Zaurukan da a da take rera wa kujerunsu waƙa suka cika maƙil.

Baffa Tegwyn bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji ki a rediyon shagon abincin tumaki. Kin cika sauri."

Bana ya kira ta a waya, yana magana yana hutawa. "Ki zo mu yi ta, Meri, ni da ke da ɗan'uwanki Emlyn. Likita ya leƙa ƙirjin nan. Ba zai kai ni baɗi ba."

Ta soke wasanni biyu ta kamo hanyar ƙauye. Duk tafin da aka taɓa yi mata bai kai mata wannan kiran ba, don ta san shi ne yafiyar.

A plygain babu mai gabatarwa, babu kiɗa, babu tafi. Waɗanda suka shirya su miƙe su je gaba, su buga ɗan ƙarfen da ke ba su sautin farawa, su rera, su koma su zauna. Ƙa'ida ɗaya ce ba a ƙetarewa: waƙar da aka rera ba a maimaita ta a wannan yammacin. Gidan Bebb kuwa tun zamanin kaka sai can wajen ƙarshe suke tashi.

Mererid ta ga baƙin fuskoki a kujerun baya, ta ji tsoron kada wani ya riga su rera waƙar. "Baffa, mu tashi yanzu mana," ta raɗa masa.

"Ke, gobara ake yi? Bar masu zumuɗi su gama."

Masu zumuɗin suka tashi. Ɗalibai ne huɗu daga jami'a, da gyalen ulu da kumatu jajaye don sanyi. Tun kafin su ƙare layin farko Mererid ta gane ta. Waƙar gidan Bebb ce, da saurin nan nata na faifai, har da inda take jan numfashi. Abin haushin ma, yaran sun iya.

Duk majami'ar babu wanda ya dubi Baffa Tegwyn. Manoma da matansu kowa ya sami abin kallo a takalminsa, kuma wannan kawar da kan ya fi kallon ciwo. Tsohon ya juya ɗan ƙarfen da ke tafin hannunsa, ya mai da shi aljihu.

Ɗansa Emlyn ya sunkuyo. "Baba, sai mu yi wata."

"Wace? Ta gidan wa za mu ara?"

Aka tashi taro gidan Bebb ba su miƙe ba.

A ɗakin baya, wajen shayi da burodi mai zabibi, ɗaya daga cikin ɗaliban ta nufo su tana rawar jiki. "Anti Mererid! Wallahi ba mu san kina nan ba sai da muka fara. Waƙarki muka yi, kin ji mu?"

Mererid ta so ta zazzage mata, amma a kan me? Wanda ya shanya hatsi a bakin hanya ba ya zagin kaji. "Na ji ku," ta ce.

"Kun yi ƙoƙari, 'yata," in ji Baffa Tegwyn, yana hura shayinsa. "Sai dai kun tsallake baiti na uku."

"Kaka, ai babu shi a faifan."

"Ashe," ya ce. Bai dubi Mererid ba. Ita ta yanke baitin da hannunta, don an ce mata rediyo ba ta son doguwar waƙa.

Ita ce za ta kai Baffa Tegwyn gida. Emlyn ya riga su wucewa don ya duba tumaki. Ta taimaka wa tsohon ya hau, ta ture igiyoyin lasifika daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta zauna riƙe da sitiyari ba ta tayar da motar ba. Yayyafi na sauka a gilashi. Kunya da gajiya suka haɗu suka danne ta, ta ji da ana mayar da suna inda aka samo shi, da yau ta mayar.

"Baffa," ta ce, "baiti na ukun nan fa babu wanda ya taɓa shi. Mu yi shi a nan, ni da kai. Babu mai ji."

Ya daɗe yana kallon ƙofar majami'ar, inda ake kashe fitilu. Tana jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Hannunsa ya kai bakin aljihu, ya tsaya.

"Waƙa ɗaya ce, Meri, kuma an riga an rera ta yau," ya ce. Ya ja kwat ɗinsa ya rufe ƙirji. "Sai baɗi."

Ta tayar da motar.